Abubakar Tafawa Ɓalewa, marubucin Shaihu Umar, da ramuwar da aka yi da sunansa

Duk wanda ya zauna lakwal a Nijar har ya yi nisa, da wuya bai ci karo da labarin Edmond Dantès ba, matashin nan ma'aikacin jirgin ruwa na cikin littafin Alexandre Dumas mai suna Le Comte de Monte-Cristo. Mahassada suka yi masa ƙage ana shirin aurensa, ya shekara 14 a kason tsibirin If, ya tsere, ya sami dukiya mai yawa, sannan ya bi waɗanda suka cuce shi ɗaya bayan ɗaya. A 1844 labarin ya fara fitowa a wata jaridar Faransa. Shekara 90 bayan haka, a 1934, aka buga wani ɗan ƙaramin littafin Hausa wanda shi ma da hassada da ƙage a gaban mai mulki ya soma, amma bai bi hanyar ramuwa ba ko da taki ɗaya. Sunansa Shaihu Umar. Wanda ya rubuta shi malamin makaranta ne da bai wuce shekara 21 ba, Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda daga baya ya zama firaministan Tarayyar Najeriya na farko, kuma har yau na ƙarshe.

An haife shi a watan Disamba na 1912 a garin Tafawa Ɓalewa, cikin ƙasar Lere ta masarautar Bauchi. Sunan garin ne ya bi shi, kamar yadda aka saba a makarantun Turawan Ingila na wancan zamani, inda ake liƙa wa yaro sunan garinsu. Sunan daga Fulatanci ya fito, ma'anarsa baƙin dutse. Mahaifinsa, Yakubu Ɗan Zala, daga cikin Gerawa yake, yana hidima a gidan hakimin Lere. Mahaifiyarsa kuwa Fatima Inna. Ke nan shi ba ɗan sarauta ba ne, ɗan mai yi wa sarauta hidima ne. Yaron da ya tashi a irin wannan gida yakan san fada ta bayan zaure: wa ke gaida mai gida da safe, wa ke kai suka da dare, da yadda magana guda take raba mutum da dokinsa da gonarsa.

Ya yi makarantar allo, ya yi elementare, ya wuce Bauchi, daga nan a 1928 aka tura shi Kwalejin Katsina, inda Turawa ke horar da malaman makaranta na Arewa. A can ya tarar da Ahmadu Bello, wanda zai zama Sardaunan Sakkwato, yana gabansa da aji, da kuma Abubakar Imam. Ya gama a 1933, ya koma Bauchi yana koyarwa a makarantar Midil.

A wannan shekara ce wani Bature mai suna Rupert East, shugaban ofishin fassara na Zariya, ya shirya gasar rubuta ƙagaggun labarai da Hausar boko. Dalilinsa a fili yake: an koya wa yara karatu, amma babu abin da za su karanta don jin daɗi. Littattafai biyar ne suka fito daga wannan yunƙuri, kuma su ne har yanzu ake ɗauka tushen ƙagaggen labari na Hausa: Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, Ganɗoki na yayansa Bello Kagara, Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, Jiki Magayi na John Tafida tare da shi East ɗin, sai Shaihu Umar. Na Imam yawon duniya ne da ban dariya. Ganɗoki jarumtaka ce da takobi da aljanu. Jiki Magayi shi ne ɗan uwan Monte-Cristo na sosai: mai kuɗi ya ƙwace wa saurayi budurwarsa, saurayin ya shiga duniya neman asirin da zai rama da shi, ya lalata ɗan da aka haifa, ɗan ya zama ɓarawo har ya kashe ubansa. Mai karatu yana rufe littafin ya ga kowa ya yi hasara.

Shaihu Umar daban yake da su duka. Babu aljani a cikinsa, babu zoben sihiri. Wani babban malami ne zaune a Rauta, kusa da Bauchi, almajiransa suka tambaye shi asalinsa, ya shiga ba su labari. A Kagara aka haife shi. Mahaifinsa ya rasu, mahaifiyarsa ta auri Makau, wani bafaden sarki mai gaskiya da jarumtaka, wanda sarki ke ji da shi. Wannan so na sarki shi ya jawo masa. Bayan an dawo daga wani hari na kamun bayi, sauran fadawa suka haɗa baki suka ce Makau ya ɓoye wasu daga cikin bayin da ya kamo. Sarki ya ɗauki maganarsu, aka kori Makau daga ƙasar. Daga wannan ƙarya guda gidan ya watse. Aka sace yaron, ya yi ta faɗawa daga hannu zuwa hannu har ya kai Kano, inda wani Balarabe ɗan kasuwa mai suna Abdulkarim ya ɗauke shi, ya ƙetare Sahara da shi zuwa wani gari da ake kira Ber Kufa, ya riƙe shi kamar ɗan cikinsa, ya sa shi karatu wurin Shaihu Mas'ud har ya zama malami. Uwar kuwa ta fita neman ɗanta, ita ma aka kama ta, aka sayar da ita, aka ƙetara da ita hamada. Bayan shekaru Umar ya yi mafarki, hankalinsa ya tashi, ya kamo hanyar gida. Suka gamu a ƙasar da yau ake kira Libiya, ta tsufa, wahala ta cinye ta. Ba ta jima ba bayan ta gan shi ta rasu. A kan hanyar dawowa guguwar rairayi ta binne ayarinsu, shi ya tsira.

To, a nan ne mai karatun Dumas zai gyara zama, ya jira Umar ya koma Kagara ya nemi fadawan nan. Bai koma ba. Ya sami wuri ya shimfiɗa buzunsa, ya shiga karantar da almajirai. Wannan ba kasawar marubuci ba ce, zaɓinsa ne. A wurinsa abin da mutum zai yi da zaluncin da aka yi masa shi ne ya haƙura, ya nemi ilimi, ya bar wa Allah sauran. Ana iya ce wa littafin ya yi wa Abdulkarim sassauci da yawa, tun da dai fataucin bayi yake yi, kirkinsa ga yaro guda bai wanke shi ba. Amma wanda ya bi uwar Umar daga kasuwa zuwa kasuwa ba ya buƙatar a yi masa wa'azi a kan bauta.

Ga mutanen Gure da sauran ƙasar Muniyo, wannan labari ba na nesa ba ne. Garin yana tsakanin manyan hanyoyi biyu na ayarin Sahara: wadda ke tashi daga Kano ta bi Damagaram da Agadas zuwa Gat da Tarabulus, da wadda ke tashi daga Kukawa ta Borno ta bi Bilma zuwa Murzuk. Ta waɗannan hanyoyi aka riƙa kai fatu da gashin jimina da hauren giwa, ta nan kuma aka riƙa kora mutane. Ƙagen fada ma Damagaram ta san shi. A 1906 Faransawa suka tuɓe Sarki Amadu ɗan Bassa bisa zargin yana ƙulla musu makirci, suka kai shi Kodebuwa tare da attajirin nan Malam Yaro, suka damƙa garin a hannun Ballama, bafaden gidan. Kuma ko a yau akwai uwayen da ke zaune a ƙauyukan jahar suna jiran wayar ɗan da ya bi mota zuwa Sabha.

Ɓalewa bai sake buga wani ƙagaggen labari ba. Ya ci gaba da koyarwa har ya zama hedimasta. Bauchi ta shekarun 1940 tana tafasa da muhawara, domin Sa'adu Zungur yana nan, Malam Aminu Kano ma yana koyarwa a Midil ɗin, suna da wata ƙungiyar tattaunawa inda ake taɓa abin da ba a saba taɓawa ba, har da mulkin En'e. Su biyun masu zafi ne; shi mai sanyi ne, yana auna magana kafin ya furta. A 1945 aka tura shi Landan ya yi shekara guda a cibiyar horon malamai ta jami'ar birnin. Da ya dawo ya shiga majalisar Arewa a 1946, sannan majalisar dokoki ta Legas a 1947.

A watan Agusta na 1950 ya yi abin da mutane da yawa suka manta. Ya miƙe a majalisar Kaduna ya gabatar da ƙuduri cewa a binciki tsarin En'e a gyara shi, domin sarakuna suna mulki ba mai ƙwaɓarsu, cin hanci ya yi yawa, talaka ba shi da bakin magana. A wancan lokaci faɗin haka a gaban Turawa da wakilan sarakuna ba ƙaramin abu ba ne, balle daga bakin ɗan bara. Ƙudurin ya wuce da ƙyar, wasu sarakuna kuma ba su ji daɗinsa ba. Wanda ya karanta yadda aka yi da Makau zai gane inda maganar ta samo asali.

Duk da haka bai bi Aminu Kano zuwa NEPU ba. Ya zauna cikin Jam'iyyar Mutanen Arewa, NPC, ya zama mataimakin Sardauna. Sardauna ya zaɓi zama a Kaduna yana riƙe da Arewa, ya bar masa Legas. Ya riƙe ma'aikatar ayyuka a 1952, daga baya ta sufuri, kuma a ƙarshen watan Agusta na 1957 ya zama firaminista. Shi ya karɓi takardun ƴancin kai ranar 1 ga Oktoba 1960, wata biyu bayan Nijar ta sami nata. Yadda yake sarrafa Ingilishi a hankali, da murya mai kauri, ya sa ake masa laƙabi da mai muryar zinariya. Abokan hamayya kuwa suna cewa yaron Sardauna ne kurum, shi ke kan kujera amma linzamin yana Kaduna.

Akwai wani mataki nasa da ya shafi Nijar kai tsaye. Ranar 13 ga Fabrairu 1960 Faransa ta tayar da bam ɗinta na nukiliya na farko a Reggane, cikin Saharar Aljeriya, ta sake na biyu, ta yi na uku a ƙarshen Disamba. A farkon Janairu 1961 gwamnatin Ɓalewa ta kori jakadan Faransa, Raymond Offroy, ta hana jiragen ruwa da na saman Faransa sauka a Najeriya. Iskar hunturun da ke tasowa daga arewa sai ta ratsa Nijar kafin ta isa Kano, amma gwamnatocin ƙasashen renon Faransa ba su da halin ɗaga murya haka a lokacin. Sai dai matakin ya taɓa maƙwabta, domin kayan Nijar da na Chadi da yawa ta tashar Legas suke bi, gyaɗar Damagaram ma jirgin ƙasan Kano ke ɗaukar ta. Bayan ƴan watanni aka janye hanin jiragen. Yana cikin waɗanda suka kafa Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka a Addis Ababa a 1963, kuma ranar 22 ga Mayu 1964, a Fort-Lamy, Njamena ta yau, shi da Diori Hamani da Ahmadu Ahidjo da François Tombalbaye suka sa hannu aka kafa Hukumar Tafkin Chadi.

A cikin gida ne al'amari ya cuɗe, kuma a nan ne tarihinsa ke da tabo. A 1962 jam'iyyar Action Group mai mulkin jihar Yamma ta dare biyu, tsakanin shugabanta Obafemi Awolowo, jagoran ƴan adawa a majalisar tarayya, da firimiyan jihar Samuel Akintola. Aka ba hammata iska a zauren majalisar Ibadan. Gwamnatin tarayya ta kafa dokar ta-ɓaci a watan Mayu, ta naɗa Dakta Moses Majekodunmi kantoma, kuma da wa'adin ya cika Akintola ne ya koma kujerarsa. A watan Nuwamba aka gurfanar da Awolowo da mutanensa bisa tuhumar shirya kifar da gwamnati. Masu gabatar da ƙara suka kawo shaidun shigo da makamai da horar da mutane a Gana. Aka hana lauyan da Awolowo ya ɗauko daga Ingila shigowa ƙasar. A watan Satumba na 1963 alƙali George Sowemimo ya yanke masa ɗaurin shekara 10, daga baya aka kai shi kason Kalaba. Anthony Enahoro, wanda ya gudu Landan, aka maido shi, shi ma aka ɗaure.

Kotu ce ta yanke hukuncin, ba firaminista ba, kuma har yau ƴan tarihi suna jayayya a kan girman makircin. Amma ga dubban Yarbawa, abin da suka gani shi ne an haɗa baki an jefa jagoransu kaso don abokin NPC ya ci gaba da mulki. Mutumin da yana saurayi ya rubuta yadda ƙage ke watsa gida, yanzu shi ne a mazaunin sarkin da ake kawo wa ƙara. Ba Najeriya kaɗai ke cikin wannan hali ba a shekarun: a Nijar an haramta Sawaba tun 1959, Djibo Bakary yana gudun hijira, kuma bayan hare-haren 1964 gidajen kaso suka cika da magoya bayansa.

Daga nan rikici ya riƙa bin rikici. Aka yi gardamar ƙidayar jama'a ta 1962 da 1963, aka yi tarzoma a ƙasar Tibi, aka yi zaɓen Disamba 1964 wanda ƴan adawa suka ƙaurace wa a wurare da yawa, har shugaban ƙasa Nnamdi Azikiwe ya yi kwanaki bai kira Ɓalewa ya kafa gwamnati ba. Zaɓen jihar Yamma na Oktoba 1965 ya zo da maguɗi a fili. Mutane suka shiga ƙona gidaje da motoci, ana watsa wa abokan gaba fetur ana cinna musu wuta. Wanda ya kafa dokar ta-ɓaci a 1962 saboda jifa da kujeru, bai kafa ta ba a 1965 da gawawwaki ke kan hanya. Ya yi ta jira ƙura ta lafa. Haƙurin da ya yi wa malamin Rauta kyau, bai ishi mai riƙe da ƙasar mutum miliyan 55 ba.

Ranakun 11 da 12 ga Janairu 1966 ya karɓi baƙuncin shugabannin ƙasashen renon Ingila a Legas, ana shawara a kan Rodeshiya. Kwana uku bayan haka, cikin daren 15 ga wata, ana cikin azumin Ramadan, sojoji ƙarƙashin Manjo Emmanuel Ifeajuna suka shiga gidansa suka tafi da shi, tare da ministan kuɗi Festus Okotie-Eboh. A daren nan Manjo Chukwuma Kaduna Nzeogwu ya kashe Sardauna a Kaduna tare da matarsa Hafsatu, aka kashe Akintola a Ibadan, aka kashe manyan hafsoshi ƴan Arewa, ciki har da Birgediya Zakariya Maimalari, Kanar Kur Muhammad, Abogo Largema da James Pam. Maimalari mai gidan Ifeajuna ne a bariki, kuma a hannun yaron nasa ya mutu. Kusan mako guda ba a san inda firaminista yake ba. Ranar 21 ga wata aka tsinci gawarsa a gefen hanyar Legas zuwa Abeokuta. Aka kai shi Bauchi aka rufe, ana dab da ƙaramar salla. Shekararsa 53.

Ramuwar da bai sa a littafinsa ba, ita aka yi a kan kabarinsa. Janar Aguiyi-Ironsi, wanda ya karɓi mulki, ya tsare manjojin amma bai gurfanar da su ba, kuma da yake yawancinsu Ibo ne kamarsa, Arewa ta ɗauka da gangan ne. A watan Mayu ya soke tsarin tarayya da doka mai lamba 34, tarzoma ta ɓarke a biranen Arewa. Ranar 29 ga Yuli 1966 sojojin Arewa suka yi nasu juyin mulkin, wanda har yau ake kira na ramuwar gayya, suka kashe Ironsi a Ibadan tare da mai masaukinsa Adekunle Fajuyi, da hafsoshi da ƙananan sojoji Ibo masu yawa. A watannin Satumba da Oktoba aka kashe dubban Ibo farar hula a garuruwan Arewa, ƴan kasuwa da akawuna da ma'aikatan jirgin ƙasa waɗanda ba su san hawa ba, ba su san sauka ba. Waɗanda suka tsira suka kwarara Gabas. A watan Yuli na 1967 yaƙin Biyafara ya tashi, bai ƙare ba sai Janairu 1970, bayan yunwa da harsashi sun ci rayukan da ake ƙiyasta sun kai miliyan guda ko fiye.

Su ma waɗanda suka fara abin ba su daɗe ba. Nzeogwu ya mutu a fagen daga kusa da Nsukka a watan Yuli na 1967. Ifeajuna kuwa gwamnatin Biyafara ce da kanta ta harbe shi a Inugu a watan Satumba na wannan shekara, bisa laifin cin amana. Awolowo, wanda Yakubu Gowon ya sako daga Kalaba a watan Agusta na 1966, ya zama mai riƙe da ma'aikatar kuɗi ta gwamnatin da ta yi yaƙin.

Littafin ya ci gaba da tafiyarsa. Mervyn Hiskett ya fassara shi zuwa Ingilishi a 1967. Umaru Ladan da Dexter Lyndersay suka mayar da shi wasan kwaikwayo, aka buga a 1975, sannan Adamu Halilu ya yi fim ɗinsa da Hausa a 1976, Umaru Ladan ya fito a matsayin Shaihun. Fim ɗin ya ɓace shekaru da yawa, sai a 2016 aka gano faifansa a ma'ajiyar hukumar finafinai ta Najeriya, aka gyara shi a Jamus, aka nuna shi a bikin finafinai na Berlin a 2018. A Bauchi an gina masa hubbare, jami'ar tarayya ta garin tana ɗauke da sunansa, haka ma babban dandalin Legas inda aka sauke tutar Ingila. Hotonsa yana kan takardar naira 5, wadda fataken Gure masu zuwa kasuwannin Nguru da Gashuwa suka sani, ko da yake yau ba ta sayen ko ƙullin gyaɗa.